Ustad Karam Din da Ranar da Ya Kashe Janareton Ammi

Duk wanda ya zauna a layinmu na tsohon garin Multan, a Pakistan, ya san cewa kafin mai madara ya iso, Ustad Karam Din, makanikin janareto, ya riga ya ɗage ƙofar shagonsa, ya yayyafa ruwa a gabanta, ya zauna da kofin shayi a tsakiyar janaretoci. Sama da shekara talatin haka yake. Sai dai ƙarshen watan nan zai ajiye sifana, don bayansa ya ƙi.

Ba a sayen janareton gas a wurinsa da baki kawai. Sai ya bi ka gida, ya kunna murhu ya ga ƙarfin harshen wutar, ya tambayi abin da lallai sai ya yi aiki in an ɗauke wuta. Na taɓa jin wani ya dage sai babba mai ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki. Ustad ya ce, "Bhai, ɗan'uwana, gas ɗin da da kyar yake tafasa maka shayi, shi zai sanyaya maka ɗaki? Ɗauki ƙarami, fanka da firji su ishe ka." Kuma ko za ka yi kuka ba ya girka shi cikin gida, sai a saman bene inda iska ke kaɗawa.

Haka ya zaɓa wa maƙwabciyata Shagufta, da muke ce wa Baji, wato Yaya, tela ce da ke haya a saman bene tare da mahaifiyarta. Tsohuwar, da duk muke kira Ammi, wato Mama, huhunta ya lalace, da na'urar numfashi take rayuwa. Idan wuta ta ɗauke, janareton nan ne ranta.

Wata ranar Yuni da azahar, ana zafin da kwalta ke narkewa, babu wuta tun safe, sai ga Shagufta a ƙofar shago ba takalmi.

"Ustad-ji, gidan duk warin gas!"

Ina wurin, na bi su a guje. Ashe Liaqat, mai hayar ƙasa, ya sayo nasa janareton a wani wuri ya cusa ƙarƙashin matakala, ya kulle ya tafi ƙauye. Tiyon gas ɗinsa ya tsage. Tun daga bakin ƙofa ake jin hucinsa, gas ɗin yana bin matakala yana hawa sama, inda janareton Ammi ke ta aiki.

Ustad ya daka mini tsawa: "Sauke babban makunnin gidan! In suka maido wuta yanzu, mun mutu." Ya juya ga masu kallo: "Wanda ya ƙyasta ashana, ni da shi!" Sannan ya ɗora sifana a kan famfon mitar gas. Mita ɗaya ce ga gidan duka.

Shagufta ta riƙe hannunsa. "In ka rufe, na Ammi ma zai mutu."

"Na sani, Baji."

"Ba za ta jure ba! Kai da kanka ka san ba za ta jure ba!"

"In ban rufe ba, ba ita kaɗai za a ɗauka ba. Sake ni."

Ba ta sake shi ba. Da hannunta a kan nasa ya murɗa. Muka ji ƙarar janareton sama ta yi ƙasa, ta tsinke. Layin ya yi tsit, sai kukan Shagufta.

Matakala ba ta biyuwa. Ustad ya faɗa gidana, ya haye sama, ya kama katangar da ta raba mu. Mutumin da ya haura sittin, na ga ƙafarsa ta zame, ya sake kamawa, ya dira can. Na bi shi sama, na tsaya ina kallon katanga, ina jin yana bubbuɗe tagogi. Da ya fito, Ammi na goye a bayansa, ya ɗaure ta da mayafinta, na'urar na rataye a hannunsa. Leɓunanta sun yi shuɗi, bakinta a buɗe, ba sauti.

"Karɓi na'urar! Jona a naka!"

Nawa janareton yana can ƙarshen saman benena, da mitarsa daban. Na jona. Ya tsallako da ita, na ji bayansa ya yi ƙas, bai ko yi ƙara ba. Muka sa mata tiyon na'urar a hanci. Shagufta na kiran "Ammi, Ammi," shi kuwa yana durƙushe ya kasa miƙewa. Can ƙirjin tsohuwar ya ɗaga. Ta buɗe ido ta dube shi, ta ce, "Karam Din, wa ya ba ka izinin goya ni?"

Ba mu gama dariya da hawaye ba fankokin layi suka fara juyawa. An maido wuta.

Da Liaqat ya dawo, matasa sun so su yi masa duka. Ustad ya hana daga kan gadon jinya, ya ce wanda ya sayar masa ne bai gaya masa gaskiya ba. Da ya fara takawa, shi ya tsaya aka hau da janareton sama.

Ustad, kai ne ka kashe gobarar da ba ta kai ga tashi ba, shi ya sa ba wanda ya rubuta sunanka. Kai ne ka ɗauki nauyin yanke numfashin tsohuwa 'yarta na riƙe da hannunka, sannan ka biya da bayanka. Mun gode. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku kuma masu wannan sana'a, ku riƙa shiga gidan mutum kafin ku miƙa masa inji, ku faɗa masa gaskiya ko da ciniki zai watse. Ammi tana nan da ranta. Jiya ma ta aiko masa da mangwaro, ta ce a gaya masa har yanzu ba ta yafe goyon ba.