Rumbun Ƙarfe da Idon Baba Mai Igiya

Ana sallame sallar asuba muka ɗora kaya, gari bai gama wayewa ba muka bar Sakkwato, ni da abokin aikina da direbanmu. Waɗanda suka daɗe suna bibiyata sun san sana'ata, wato haɗa wutar injuna da na'urorin masana'antu. Wannan karon wata ƙungiyar manoman shinkafa ce a ƙasar Kebbe ta kira ni. Sun kafa rumbun ƙarfe mai tsayi kusa da injin casarsu, suna so a sa masa na'urar da ke auna nisa da hasken leza. Aikinta mai sauƙi ne. Ana ɗaura ta a rufin rumbu tana kallon ƙasa, ta harba jan haske siriri kan shinkafa, ta faɗi inda shinkafar ta kai a wani ƙaramin allo da ke ƙasa, ba sai wani ya hau ba.

Hanya ta yi mana kyau har Shagari. Ruwan farko ya riga ya sauka, ƙasa ta yi duhu, ko'ina ka duba mutane ne a duƙe suna shuka gero. A wajen Jabo muka tsaya karin kumallo, muka sami hoce, wato wainar dawa, mai zafi da kunu. Direbanmu ya ci biyar, sannan ya fara ƙorafin an rage musu girma. Mai hocen ba ta ko ɗago kai ba ta ce masa dawa ce ta yi tsada, ba hannunta ne ya ƙanƙance ba. A Tambuwal muka sha mai, domin an gaya mana daga nan sai na bumburutu, kuma kuɗinsa ba irin na gari ba ne.

Daga Tambuwal muka saki babban titi muka nufi Kebbe. Nan tafiya ta canza. Wani wuri kwalta, wani wuri tarihin kwalta. Na rungume akwatin na'urar a cinyata duk tsawon hanyar, saboda gilashin idonta ba ya son jijjiga. Mun yi ta cin karo da garken shanu suna gangarowa, da 'yan kabu-kabu ɗauke da buhu uku-uku, mutum ba ya ko ganin mai tuƙin sai ƙafafunsa. Hantsi ya dubi ludayi muka isa wurin aikin, can ta wajen Fakku.

Shugaban ƙungiyar, wani Alhaji mai fara'a da gaggawa, shi ya tarbe mu. Tun kafin mu gama gaisawa ya nuna mana tulin buhunan shinkafar rani da ba a casa ba, an lulluɓe su da tamfol, sannan ya nuna mana gabas inda hadari ke haɗuwa. Na gane saƙon. An bar rumbun ba komai ciki saboda aikinmu, so yake a gama a ranar, a zuba shinkafa kafin ruwa ya taɓa ta.

A gindin rumbun na ga wani dattijo zaune, da igiya mai ƙulli-ƙulli a kafaɗarsa, an ɗaura dutse a bakinta. Kowa Baba mai igiya yake ce masa. Shi ne ma'aunin wurin. Kullum da safe sai ya hau tsani, ya ɗaga murfin rumbu, ya zura kai ciki, ya saki igiyarsa ya ƙirga ƙulli, ya kuma shinshina ko shinkafa ta fara gumi. Idonsa na hagu fari fat ne, ba ya gani da shi. Abokin aikina, da yake ba ya iya riƙe tambaya, ya tambayi dalili. Baba ya yi dariya ya ce ranar da aka fara kawo injin sussuka garinsu, shi ne ya leƙa bakinsa ya ga yadda yake yi, ƙwayar shinkafa ta fallatso ta same shi.

"Ni ɗana, abin da ban leƙa ba ban yarda da shi ba," in ji shi. "Haka Allah ya yi ni."

Muna cikin magana ya ɗauki tocilata daga cikin kayan aiki, ya juya ta saitin fuskarsa, ya kunna, ya ƙura wa ƙwan ido ya ce tana da ƙarfi. Duk mun san wannan ɗabi'a, haka muke gwada tocila a kasuwa, ni ma na sha yi. Amma a ranar sai na hango haɗari. Hasken na'urar da na kawo, idan ya gilma wa ido sau ɗaya mutum ya ƙifta, da sauƙi. Wanda ya dage ya ƙura masa ido da gangan, yana iya ƙona masa gani, kuma ba zafin da zai gargaɗe shi da wuri. Ga mutum mai ido ɗaya, ga murfin da yake zura kai bai fi kamu biyu daga inda zan ɗaura na'urar ba.

Na ce a raina ai na zo da magani. Akwai wani ɗan makunni da ake ɗaurawa a bakin murfi, da zarar an ɗaga murfin sai ya kashe hasken. Na buɗe jaka, na zazzage ta, na sake zazzagewa. Babu shi. Na kira gida, maiɗakina ta ce ga shi nan kan tebur inda na ajiye shi lokacin da nake sake shirya kaya. Wallahi na ji kunya, na kuma ji haushin kaina. Shekara nawa ina wannan aiki, in bar abu mafi muhimmanci kusa da kofin shayi.

Muka fara da abin da za mu iya. Na kashe wutar rumbun gaba ɗaya, na sa kwaɗo a akwatin wutar, na jefa makullin a aljihuna, don kada wani mai son taimako ya mayar da ita muna sama. Muka ɗaura ɗamarar tsaro muka hau. Kwanon rufin ya ɗauki rana har sai da muka shimfiɗa buhu kafin mu durƙusa. Na zaɓi wuri nesa da bututun da shinkafa ke zubowa, domin idan haske ya faɗa kan shinkafa mai zuba ƙarya zai riƙa faɗi. Muka huda, muka ɗaure na'urar da noti huɗu, na sa ma'aunin ruwa irin na magina na tabbatar tana kallon ƙasa sak ba bangon rumbu ba, saboda ƙarfe mai ƙyalli yana mayar da haske inda ba a aike shi ba. Muka sa mata ɗan bututu a baki don ƙura, muka ja waya cikin roba har ƙasa, muka haɗa ta da batirin sola, muka kafa wayar da ke kai wuta ƙasa saboda tsawa.

Da la'asar komai ya haɗu, saura kunnawa. Na gaya wa Alhaji ba zan kunna ba, kuma kada a zuba shinkafa sai gobe, domin ɗaura makunnin sai an huda bakin murfi, kuma ba a huda ƙarfe a kan rumbu mai cike da ƙurar shinkafa, tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara. Fara'arsa ta ɗauke.

"Injiniya, kana ganin hadarin ga kuwa? Shinkafar mutum nawa ta a nan ƙasa? A manna takardar gargaɗi mana, ai da ita taz zo."

Na ce, "Ranka shi daɗe, takardar da Turanci take. Ko da Hausa ce, ka ce wa Baba kada ya leƙa, ai gayyatarsa ka yi."

Ya ce to a sa wa murfin kwaɗo. Na tambaye shi wa zai riƙe makullin in ba Baba ba, domin duk wurin ba mai sanin shinkafa ta fara lalacewa da hanci sai Baba. Maganar ta yi zafi. Ya ce zai nemo wani daga Jega ya kunna masa, na ce yana da iko, amma sai na kwance abina na tafi da shi tukuna. Ban faɗa da fushi ba, sai dai ban bar ƙofar ciniki ba. Daga ƙarshe muka tattara duk wanda ke wurin, muka ɗaga buhunan kan katako da duwatsu, muka ƙara tamfol, muka haƙa ɗan lambatu kewaye da su. Na aika a kai makunnin tasha a ba direban motar farko mai zuwa Tambuwal.

An saukar da mu a gidan wani daga cikin manoman, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka da busasshen kifi, irin wanda ake ci ana lumshe ido. Ni dai rabin hankalina yana sama. Ruwa ya sauko bayan magariba, ba mai yawa ba, amma kowane ɗigo a kan kwano ji nake kamar da ni yake magana. Idan shinkafar nan ta jiƙe, laifin mantuwata ne, ba na kowa ba.

Da sassafe muka duba, buhu biyu ne kawai na gefe suka sha ruwa, aka baza su a rana. Motarmu ba za ta iya laka ba, sai na hau kabu-kabu zuwa Tambuwal. Ɗan kabu-kabun ya ninka kuɗi saboda ruwa, na yi ciniki har na gaji na biya. Sau biyu muna sauka muna tura mashin, takalmina ɗaya ya kusa zama a wani kwazazzabo. A tashar Tambuwal na tarar da saƙona wurin ɗan kamasho, an naɗe shi cikin leda baƙa, maiɗakina ta haɗo da ƙullin dabino da 'yar takarda mai cewa in duba jakata kafin in taso. Na sha fura da nono a tsaye wurin wata Bafulatana, na juya.

Kafin azahar na dawo. Muka ɗaura makunnin, na haɗa shi yadda ko waya ce ta tsinke hasken mutuwa zai yi, ba ci gaba da ci ba. Na sa kowa ya sauka, na leƙa na tabbatar ba kowa cikin rumbun, na rufe murfi, sannan na cire kwaɗona na ba da wuta. Allo ya kawo lamba. Na nuna wa na'urar nan ne ƙasan rumbu, nan ne cikarsa. Muka gwada murfin sau goma, ina kallo da farar takarda ba da ido ba, kowace ɗagawa jan ɗigon sai ya ɓace. Limamin wurin ya rubuta mana gargaɗi da ajami, muka manna kusa da na Turancin. Sannan aka fara zuba shinkafa, Alhaji yana ta kai da kawowa kamar ba shi ne jiya ya so korata ba.

Da aka zuba kusan rabi aka tsaya, ƙura ta lafa, na ce Baba ya hau ya gwada da igiyarsa mu gani ko na'urar ta yi gaskiya. Na bi bayansa. Tun a ƙasa na yi masa bayani sau uku, ya ce ya ji. Ya ɗaga murfi, ya zura kai. Igiyar ma bai kwance ba. Ina kallonsa ya murɗa wuya, ya juyar da lafiyayyen idonsa sama, ya ƙura shi cikin gilashin na'urar, ya daɗe a haka. Na sake duba makunnin, duk da na san abin da na haɗa.

Ya fito da kai yana ɓata fuska. "Ɗana, ba ta da wuta. Duhu ɗai nika gani."

Na ce, "Haka ake so, Baba. In ka buɗe sai ta rufe ido."

Ya jinjina kai. "Ashe tana da kunya. Injin sussuka bai yi man haka ba."

Sannan ya saki igiyarsa ya ƙirga ƙulli, muka sauka muka duba abin da allo ya nuna kafin a buɗe murfin. Bambancin bai kai tafin hannu ba. Baba ya ce na'urar ta yi ƙoƙari. Na roƙi Alhaji a bar shi ya riƙa gwada ta duk mako, saboda ƙura na iya rufe gilashin ta fara ƙarya, kuma ita ba ta da hanci. Ya amince nan take.

Mun kamo hanya da wuri don kada yamma ta yi mana a daji, da guzurin kifi da Baba ya cusa mana a mota. Direbanmu ya so mu sake tsayawa wurin mai hoce, muka tarar ta tashi. Ana kiran magariba muka shigo Sakkwato, na sami maiɗakina a tsakar gida, abin da ta fara tambaya shi ne me na manto a can kuma.

Abin da na koyo a wannan tafiya, littafin na'ura yana gaya maka ƙarfin haske da tsawon waya, amma ba ya gaya maka wa zai ɗaga murfi. Wannan sai ka je ka zauna da mutanen wurin, ka ga yadda suke riƙe tocila. Na ɓata kwana ɗaya, na sha laka, na kusa rasa aikin. Amma Baba ya leƙa kamar yadda na san zai leƙa, kuma ya sauko daga tsani yana ganin matakalarsa.