Ɗankwalin Kurtu

Allon ces ɗinmu, darar Turawa, Baba ne ya zo da shi daga Kano tun yana koyarwa a firamare. Sarauniya ɗaiɗai ce a cikin gwangwanin da 'ya'yan wasan suke, fara da baƙa. Yayyena maza ƙwallo ta ɗauke musu hankali, sai ni 'ya mace na gaji wasan, a kan tabarma a zauren gidanmu na Basirka. Ƙananan 'ya'yan nan na sahun gaba, kurata Baba yake ce musu. Dokar wasan ita ce, in kurtu ya lallaɓa har ya kai layin ƙarshe na abokin karawa, ya zama sarauniya, ko da ta farkon tana nan da ranta. To ina za a samo ta biyu? Sai Baba ya yagi bakin tsohon ƙyalle ya naɗa wa kurtun a ka. "An ɗaura mata ɗankwali," in ji shi. "Gaishe ta." Kuma ba zai ci gaba ba sai na gaishe ta. Ya sha tara sarauniya har uku a kaina yana ƙyalƙyala dariya, ni kuwa ina cika ina batsewa.

Ran da hawan jini ya kayar da shi a gona, aka ɗauko shi a mota zuwa babban asibitin Birnin Kudu, garin da nake aure. Ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke. Idonsa a buɗe, amma ban san ko ni yake kallo ko bangon bayana ba. Likita ya ce jiki dai suna ganinsa, hankali kuwa sai lokaci ya nuna. Allah ya gafarta mini, ba mutuwa na fi tsoro ba, ita rigar kowa ce. Tsorona shi ne a ce Baba ya riga ya tafi, gangar jiki kawai muke ba kunu a cokali.

A gadon da ke kusa da mu akwai wani dattijo daga Kangire wanda hankalinsa ya gushe. Bini-bini sai ya kai hannu ya ɓare filasta ya fizge allurar ƙarin ruwa, jini ya ɓata zanin gado, 'ya'yansa su danne shi. Bai daɗe ba aka lulluɓe shi. Tun daga nan na san kamannin abin da nake tsoro, kuma idona bai ƙara barin hannun Baba na hagu ba.

Na aika gida direban bas ya kawo mini allon da gwangwanin. Inna ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke dai ba ki da ta-ido. Mutum na kwance rai a hannun Allah, wasa za ki kawo mishi?"

"Inna, ki bar ni. Tambaya zan mai."

Bayan la'asar muka jingina shi da filo, na jera 'ya'yan, na ba shi farare kamar kullum. Ya daɗe yana kallo. Can ya ɗaga hannun hagu ya tura kurtu ɗaya. Na yi nawa, ya sake tura shi. Shi ɗin dai, gaba, gaba, bai taɓa doki ba, bai waiwayi sarauniyarsa ba. Wannan bai nuna komai ba, don ko ɗan yaye ya iya tura abu gaba. Na janye 'ya'yana na buɗe masa hanya. Kurtun ya kai layin ƙarshe. Baba ya saki hannu a kan gado, ya zuba masa ido.

Sai na ga hannun ya tashi ya nufi bayan hannunsa na dama, inda allurar take. Ya fara tonon filastar da farce.

Inna ta saki salati. Ni kuwa dattijon Kangire kawai nake gani. Na cafke wuyan hannunsa.

"Baba, don Allah bari. Baba!"

Ya fizge, ya yi wani gurnani, ya watsa mini harara. Hararar nan na san ta, ita yake yi mini in na taɓa ɗan wasa na fasa tura shi. Sai na sake shi.

Bai taɓa allurar ba. Gefen filastar ya yago, ɗan siriri. Yatsunsa na karkarwa, kurtun ya faɗi, ya tayar da shi, ya sake faɗuwa. Da ƙyar ya liƙa masa a ka, a karkace. Sarauniya biyu farare a kan allo. Sannan ya ɗago haɓa yana dubana, yana jira.

Na sunkuya wa sabuwar sarauniyar. 

"Ina wuni, ranki ya daɗe."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Nas ta iso da sauri za ta yi faɗa a kan filastarta, Baba ya miƙa mata tafin hannu, idonsa a kan naɗin filastar da ke leƙowa daga aljihunta. Kurtu na biyu ya riga ya kama hanya.