Kunyar Suruki a Kan Tudun Hanyar Bangi

A shekarun farko bayan samun 'yancin kai, lokacin da Kontagora ke cikin Lardin Neja, ni matashin malamin firamare ne, sabon fitowa daga kwalejin horon malamai, mai farin wando, mai agogon hannu, mai ra'ayi a kan komai. Ina koyar da labarin ƙasa, kuma ina da keke. A wancan zamani, wanda ya haɗa waɗannan biyun ba ya jiran a ba shi dama kafin ya yi magana a taro. Abin da ya sa na rubuto wa mujallarku, Malam Edita, shi ne kwanan baya na tarar da jikokina suna kallon tseren keken Turawa a talabijin suna ta zagin mahayan, wai ƙarti sun taru a kan dutse suna kallon juna, an rasa mai fita. Ban tanka musu ba, domin na san abin da ke riƙe ƙafar mutum a irin wannan wuri, kuma na taɓa zama sanadinsa.

A wata shekara kwamitin wasanni na yankinmu ya shirya tseren keke na kwana biyu. Ranar farko a je Sahon Rami a dawo, hanya a shimfiɗe, don a tankaɗe masu wasa. Rana ta biyu a ɗauki hanyar Bangi, inda tuddai suke, a ƙare a kan wani dogon tudu. Wanda ya fara kaiwa saman, shi kaɗai za a tura Kaduna ya wakilce mu. Daga makarantarmu mu uku muka shiga: ni, da hedimastanmu, da wani malamin lissafi, tsarana kuma aminina. Hedimasta ya yi suna a kan keke a ƙuruciyarsa, kuma bai samu labarin cewa ƙuruciyar ta wuce ba. Shi kuwa malamin lissafi, ban taɓa ganin mai hawan tudu irinsa ba. Siriri ne, ba ya miƙewa daga sirdi, ba ya haki, sai dai ka ga bayansa yana ƙanƙancewa. Kowa ya san tafiyar Kaduna tasa ce, shi ma ya sani, har ya ba tela ɗinkin gajeren wando. Abu ɗaya ne ban sa cikin lissafina ba: watanni kaɗan kafin tseren ya auri 'yar hedimasta ta fari.

Ni ne mai dabara. A kwaleji na taɓa samun wasu tsofaffin mujallu da ke bayanin yadda Turawa ke tsere a duwatsunsu, na karanta su kamar za a yi mini jarrabawa. Na tara abokan tafiyata a aji, na ɗauki alli, na bayyana musu cewa tsere ba hauka ba ne. Ana zaɓar jagora ɗaya, sauran su yi masa hidima, su tare masa iska, su ɗaukar masa ruwa. Ba a bin duk wanda ya ɓalle da wuri, a bar wasu su gajiyar da kansu wajen kamo shi. Sai an zo tudun ƙarshe ake sakin ƙarfi. Da na gama, hedimasta ya yaba, ya ce karatu bai faɗi ƙasa banza ba, sannan ya tambaya cikin murya mai sanyi ko wane ne jagoran. Nan alli ya tsaya a hannuna. Ta yaya zan dubi dattijo, shugabana a wurin aiki, in ce masa shi zai ɗauki gorar ruwan mijin 'yarsa? Na ce ranka ya daɗe, ai wannan ba abin tambaya ba ne. Ya ce shi ma ya yi zaton haka.

Na lallashi kaina da cewa suna ne kawai. Na ja aminina gefe na ce masa ya manne a bayan tayar hedimasta har gindin tudun ƙarshe, da zarar na busa usur ya fita ya yi abin da Allah ya hore masa. Ya sunkuyar da kai ya ce to. Da ina da hankalin shekaruna na yanzu, da na tambayi kaina yadda mutumin da ba ya cin abinci a gaban hedimasta, ba ya ambatar sunansa, wanda idan ya hango shi a hanya yake sauka daga keke ya tuɓe takalmi, zai wuce shi a guje a gaban jama'a ya bar masa ƙura. Duk maganar da ke tsakaninsu tun ranar ɗaurin aure ta bakina take bi, ko da ta jadawalin aji ce. Na san wannan sarai. Amma ba ya cikin mujallun, saboda haka ban ɗauke shi ilimi ba.

Ranar farko ta tafi daidai da tsarina, wannan ya ƙara mini girman kai. Sauran mahaya, 'yan kasuwa da ma'aikatan hanya, sun ji labarin cewa malamai suna da wani sirri na Turawa, don haka rana ta biyu ba wanda ya kuskura ya motsa sai ya ga mun motsa. Muka bar gari a dunƙule, muna taka feda a hankali, kowa na satar kallon kowa. Muna hawa tudun farko sai wani malamin asibiti daga Bangi, wanda ya zo shi kaɗai ba ƙungiya, ya zo ta gefe yana kaɗa ƙararrawa. Da Hausarsa mai gardin Kambarci ya gaishe mu, ya tambaya ko rakiyar amarya muke yi, in haka ne ya ba mu hanya kada ya rigaye ta shiga ɗaki. Aka yi dariya, ya wuce. Aminina ya waigo ya dube ni. Na girgiza kai, na ce masa ya bar shi, rana za ta dafa mana shi, kuma ai 'yan kasuwa za su kamo shi. Su kuwa 'yan kasuwar, daga baya na ji, suna ta faɗa wa juna cewa tunda malamai ba su bi ba, akwai abin da suka sani.

Haka muka yi ta tafiya, mutumin Bangi yana ƙara nisa, mu muna ƙara wayo. Da muka iso gindin tudun ƙarshe, farar rigarsa ta kusa rabin hawa. Duk da haka ina da tabbacin aminina zai iya kamo shi, kuma har gobe ina kan wannan tabbaci. Na busa usur. Aminina ya taka, ya matso har tayarsa ta gaba ta yi daidai da ta bayan hedimasta, sai na ji ƙarar birki. A saman tudu ga jama'a sun yi layi, cikinsu har da ƙannen matar aminina da kawunnanta, suna kiran hedimasta da kirarinsa na da. Na sake busawa. Bai ko waigo ba. Usur na malamin labarin ƙasa ne, izini kuwa na suruki ne, kuma ba su zama abu ɗaya ba. Na yunƙura in isa gaba in karɓo masa izinin kamar yadda na saba, sai ƙafafuna suka sanar da ni cewa su ba su karanta mujallar ba. Numfashi ya ƙare, keke ya tsaya, na sauka ina turawa. Daga inda nake ina ganin hedimasta yana tangaɗi a kan sirdi, yana waige-waige. Ni yake nema. Yana so ya ce wa yaron ya tafi, amma shi ma bakinsa ba zai iya yi wa mijin 'yarsa ta fari magana kai tsaye ba, ga ɗan aike can ƙasa yana tura keke.

Abin da dattijon nan ya yi, shi ne kaɗai dabarar kirki da aka yi a ranar. Ya ratse gefen hanya, ya sauka, ya juya wa titi baya, ya durƙusa yana duba sarƙar da ba abin da ya same ta. Ya ba yaron hanyar da zai wuce ba tare da an ga ya wuce kowa ba. Aminina ya fita kamar an sake shi daga mari. Ya bar dukan taron a tsaye, yana cinye tazarar a idon kowa, jama'a na ihu. Amma tudun ya ƙare kafin tazarar ta ƙare. Mutumin Bangi ya tsallake layin ƙarshe, aminina yana biye da shi da abin da bai fi tsawon keke ba. Da na iso saman na taɓa kafaɗarsa, rigarsa ko jiƙewa ba ta gama yi ba. Bai zarge ni ba, ya ce kawai Allah bai nufa ba. Shekarar da ta biyo baya ƙasa ta rikice, ba a sake shirya tseren ba, kuma bai taɓa zuwa Kaduna a kan keke ba.

Ban ga laifin kunyarsa ba, ita ce ta sa ya zama mutumin da ya zama, kuma an zauna lafiya a gidan nan har ƙarshen rayuwar hedimasta. Laifin yana ga wanda ya tsara tafiya ya manta da waɗanda za su yi ta. Na ji tsoron minti guda na rashin jin daɗi a cikin aji, sai na ɗora wa abokina nauyin da ba zai iya ɗauka a bainar jama'a ba, na kuma kira zaman jira dabara. Ina jan kunnen duk mai shirya wa mutane aiki, a makaranta ne ko a kasuwa ko a gida: maganar da ta yi maka nauyi a faɗa, ka faɗe ta tun ana zaune a inuwa, kowa da numfashinsa. Idan kuma ka ga kowa ya yi tsit yana jiran wani ya fara, kada ka ɗauka akwai wanda ya san wani abu. Sau da yawa ba kowa, kuma mai ƙarfin cikinku ne zai biya.