Ramin da Cekkutti Ya Haƙa

Da yatsu ukun da suka rage masa a hannun dama Cekkutti yake dangwalo man kifi daga gwangwani, yana shafa wa dawar daga wuya zuwa gindi, a hankali, kamar mai yi wa tsoho wanka. Kullum haka yake yi kafin rana ta ɗago. Dawar ɗin kututture ne na katako, a tsaye cikin yashi a bakin kogin Caliyar da ke garin Beypur, da huji huɗu da ake zura sanduna. In maza suka sa ƙirji a sandunan suka yi ta zagaye, igiya ta naɗu a jikinsa, to duk abin da ke ɗaya bakin igiyar sai ya taho, ko girmansa ya kai masallacin Juma'a.

Shekara uku ke nan dawar bai ja komai ba.

Cekkutti yana ɗan shekara goma sha huɗu ubansa ya kawo shi wajen. Da wannan kututture suka fito da manyan jiragen katako na Larabawa, suka kuma mai da su ruwa, har aka daina ƙirga. Igiyar ɓawon kwakwa ta ci masa yatsu biyu a shekarar da aka haifa masa 'yar fari. Ya naɗe hannun da gefen zanensa, sai da jirgin ya hau tudu sannan ya zauna. Da uban ya rasu, shi aka koma kira Muppan, wato babban masu ja, mai ba da waƙa a amsa. Yau shekarunsa sittin da takwas, kuma har yanzu in ya yi gyaran murya ana jinsa a tsallaken kogi.

Mai filin gyaran jiragen yanzu Shanawas ne, ɗan marigayi ubangidan Cekkutti. Ya dawo daga Sharja ta ƙasar Larabawa, ya malale filin da siminti, ya koma kiran motar ƙugiya tana ɗauko jirage kamar uwa ta ɗauki jariri. Yashi bai rage ba sai wata 'yar siririyar hanya daga dawar zuwa ruwa.

"Baba Muppan, har yanzu ana ta kwalliyar amarya?" in ji Shanawas da safiyar nan, yana wucewa da makullai a hannu. "Ka shafa mata da kyau. Nan da sati biyu masu siminti za su zo su rufe yashin nan. Wani otal yana son kututturen, a ƙofa za su kafa shi, su kewaye shi da furanni."

"Ni ma za su kafa ni a gefensa?"

"In kana so sai in tambayar maka."

"Tambayo mini. Ka ce musu ina cizo."

Da hantsi wani kwalekwalen masunta ya janyo jirgin filafilai, fari, siriri, sandarsa ta fi bishiyar kwakwa tsawo. Mai shi wata Baturiya ce mai furfura, ita kaɗai take yawon teku shekara shida. Kowa ya kira ta Madamma. Wani abu ya buge ta a tsakiyar ruwa, allon tuƙin da ke ƙarƙashin wutsiyar jirgin ya tsage, jirgin ya daina jin magana.

Motar ƙugiya ta zo, aka zura ɗamara biyu, jirgin ya tashi yana zubar da ruwa. Cekkutti ya ajiye gwangwaninsa ya shiga ƙarƙashi. Shi a saninsa allon tuƙi a bayan jirgi yake rataye, a waje, sama ake zare shi. Ya duba, ya sake dubawa, ya ga wannan ba haka yake ba. Ƙarfensa ya huda cikin jirgin ya shige sama, tsawon mutum guda. Ba shi da hanyar fita sai ƙasa.

"Shanawas, kada ka sauke shi a kan siminti."

"Baba, fito daga nan kada abu ya faɗo maka."

"Na ce maka allon nan ƙasa zai fita. Ina za shi bi?"

"Akwai makaniki, Baba. Wannan ba jirgin zamaninku ba ne."

Aka sauke shi a kan siminti, aka tokare. Makaniki ya kwance ƙusoshi, allon ya sauko tsawon tafin hannu, ya dungure da siminti, ya tsaya. Aka ce direban ƙugiya ya ƙara ɗagawa. Ya ɗaga kaɗan, sandar jirgin ta fara gogar wuyan ƙugiyar, Madamma ta ɗaga hannu biyu tana magana da sauri cikin harshenta. Direba ya kashe inji ya ce iyakarsa ke nan.

Cekkutti bai yi dariya ba, ko da yake ta zo masa har maƙogwaro.

"A ɗaure allon, a mai da jirgin ruwa," ya ce. "Gobe da cikar ruwa zan fito da shi."

Da yamma ya bi gari. Alawi, abokinsa na sanda shekara arba'in, yanzu shayi yake sayarwa a bakin tasha.

"Kai tsoho, wa ya mutu?" in ji Alawi da ya ga fuskarsa.

"Kai ne, tun shekara uku. Na zo tono ka."

"Gwiwata ba ta da kirki, Muppan."

"Ba rawa na kira ka ba. Ƙirji nake so."

Washegari mutum goma sha shida suka hallara, babu mai baƙin gashi a cikinsu. Suka haɗa gado da itacen kwakwa, da tokara huɗu a tsaye, suka tura shi cikin kogi a kan gumagumai masu maiƙo. Cekkutti ya shiga ruwa har wuya, yana lalube da ƙafa, sai da ya ji ƙarfen nauyin da ke ƙarƙashin jirgin ya zauna daram a tsakiyar gadon. Ya fito, ya matse zanensa, ya dafa dawar. Ba tsohuwar waƙa ya ɗauko ba, a nan take ya ƙaga wata.

"Wa ya ce mun mutu?"

"Ƙarya yake," suka amsa, sandunan suka motsa.

"Wa ya saya mana furanni?"

"Ya riƙe abinsa."

Kututturen ya yi kuka irin na ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba, igiya ta miƙe tana tsiyayar ruwa, jirgin ya fara hawa yashi taƙi taƙi. Madamma ta cire takalmi ta shiga tsakanin Alawi da wani, tana amsa abin da ba ta san ma'anarsa ba. Kafin azahar jirgin yana tudu. Cekkutti ya karɓi shebur ya zana da'ira a ƙarƙashin wutsiya. Suka haƙa har kansa ya ɓace a ciki, suka jera katako kada yashi ya rufta. Allon ya sulale cikin ramin salin alin, ƙarfensa ya fito duka.

Da la'asar Shanawas ya kira shi ofis, ya tura masa kujera da kofin shayi. Cekkutti bai zauna ba.

"Aiki ya yi kyau, Baba, ba zan ƙi faɗa ba. Amma maganar siminti tana nan. Kwana nawa gyaran zai ci? Biyar?"

"Na huda allon a gaban Madamma. Ruwa ya yi ta fita kamar an fasa kwakwa. Cikinsa duk a jiƙe yake. In aka liƙe shi haka, zai sake tsagewa a inda babu masunta. Sai ya bushe."

"Kwana nawa?"

"Arba'in. Ita ma ta ce ba ta sauri."

Shanawas ya dubi kalandar bango, leɓensa yana motsi. Kwana arba'in ya kai su bakin damina, kuma a Beypur ba mai zuba siminti in sama ta buɗe, sai bayan wata huɗu.

"Ƙugiya fa? A matsar da jirgin gefe, a yi aikin."

"Shigo da ita yashi mu gani. In ta nutse, muna nan, za mu ja ta."

Shanawas ya cire tabarau ya murza idanu. "To bayan damina fa, Baba?"

"Bayan damina ka zo da safe. Ka san inda nake tsayawa."

Ya sunkuya ya ɗauki gwangwanin man kifinsa da ya ajiye a bakin ƙofa, ya gyara ɗaurin zane, ya fita ya bar shayin yana hayaƙi.