Kakansa a Bakin Teku

A kasuwar Ajingi, wani dattijo sanye da kwat irin ta malaman da yana rungume da tsohon zane cikin gilashi. Baturen da ya zana farin gidan nan na bakin teku bai manta taga ko ɗaya ba, amma 'yan dako ɗigo-ɗigo ya yi su.

Dattijon yana ɗora farce kan ɗigo guda. "Kakana ne, yana lodin gyaɗa a Ikko. Sai wanda ya san darajarsa zan sayar wa."

Ga alama bai karya ba tun safe.

Wata mata ta ƙwanƙwasa gilashin. "Baba, riƙe kakanka. Gilashin nake so, hotona na Makka zan sa."

Ya fara zare ƙusoshin firam ɗin.