Lemun Tsamin da Na Shafa wa 'Yata

Shekarun baya, tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba, ina zaune gidan mijina a wani ƙauye kusa da Bungudu, aka yi shela masu lamba za su zo. Lamba ita ce rigakafin agana: a ɗan tsaga damtsen yaro, a shafa magani. Aka ce kyauta ce, hukuma ta ɗauki nauyi. To, kyautar nan ita ta tayar mana da hankali. Mutanen da muka sani da karɓar haraji da kwasar mazanmu aikin hanya, yau su ne da tausayin 'ya'yanmu? Wasu har rantsuwa suke yi cutar ce kanta Nasara ya ɗuro a kwalba.

Uwar mijina, wadda nake kira Gwaggo, ta ce, "Wa ya taɓa ganin an yanki yaro lahiya lau, a ce magani na?"

Mata da yawa suka ɓoye 'ya'yansu a rumbu. Mu ba dama, don katangarmu ɗaya da mai gari, dogarinsa ya san kowane kai a gidanmu. Mijina ya saɓa 'yarmu a kafaɗa ya kai ta. Shekararta uku, kuma 'yar fari ce, ba na kiran sunanta, ba na nuna damuwa da ita a gaban mutane. Ta dawo tana tsala kuka, na kau da kai na ci gaba da daka.

Mijina ya ce malamin lamba ya hana a taɓa wurin sai ya bushe. Ni kuwa wata mutuniyar garin Mada ta riga ta koya mini dabarar kashe maganin a bakin rijiya. Yana fita, Gwaggo na shiga ɗaki sallar azahar, na ja yarinya bayan ɗaki. Na yanka lemun tsami, na dangwali toka, na dirje wurin sosai, tana ihu ina toshe mata baki. Kwana uku ya warke sumul.

Ɗan maƙwabciyata kuwa damtsensa ya kumbura, ya yi ruwa, ga zazzaɓi. Na je yi mata sannu ina sunkuyar da kai, a raina ina cewa sakarci dai bai yi ba. A lokacin gani nake daga Bungudu har Tsafe babu mace mai wayona.

Da rani agana ta shigo gari. Ba zan lissafa gidajen da aka yi makoki ba. Ɗan maƙwabciyata yana ta wasan ƙasa abinsa, ko ciwon kai bai yi ba. Tawa ta kwanta. Ƙuraje suka rufe ta har tafin ƙafa, ta kasa jure tabarma, sai rairayi mai laushi muka shimfiɗa mata. Idanunta suka manne. A jinyar nan na ajiye kunya, na kira sunanta har muryata ta dishe. Allah ya tashi kafaɗunta, amma da idanun suka buɗe, fari fat.

Mijina ya ce, "Ga lambar tasu nan. Da hannuna na kai ta anka yi mata, mi ta hana?"

Bai tsaya a gida ba. Ya faɗa a masallaci, ya faɗa a kasuwar Gusau. Duk zuwan da masu lamba suka sake yi, 'yata ce hujjar masu gudu. Ni da na san gaskiya na ja bakina na yi shiru, don tsoron saki da tsoron bakin mutane. Har ya koma ga Allah ban gaya masa ba.

Ta girma, ta yi aure, ta iya saƙar faifai fiye da masu ido. Ana cikin yaye ɗanta aka sake shelar lamba. Na same ta a tsakar gida na ce a kai shi.

Ta ce, "Haba Inna. Ni da anka yi wa, mi ta amfane ni? Ba mai taɓa mani ɗa."

Nan na ga ba sauran wurin ɓuya. Na zauna a ƙasa na gaya mata duka, ban rage komai ba. Hannunta ya tsaya cak a kan faifan da take saƙawa. Na miƙa hannu zan ɗauki yaron, ta ji motsina, ta janye shi jikinta.

Ta ce, "Ba ke za ki kai shi ba. Kira mani ubanai."

An yi masa, ta kama, yanzu shi ma magidanci ne. Har yau idan na ji ana cewa kada a yarda da maganin hukuma, ba na yi wa kowa dariya, don na san yawanci so ne da tsoro, ba mugunta ba. Sai dai in ce su zo su zauna, in ba su labarina.

Ta yafe mini daga baya, da bakinta ta faɗa. Amma ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarta ko tana tuna kamannin fuskata ba.