Ɗakin Kusa da Famfo

Shekara ashirin da wani abu na yi ina koyar da tarihi, kuma abin da na tsinta daga rushewar dauloli bai wuce guda ɗaya ba: ba a taɓa cin ƙasa ba sai da mai ita ya fita ya ja ƙofa, yana zaton rufewar ta wadatar. Ba a littafi na koyi wannan ba. A gidanmu na unguwar Aboabo, cikin Kumasi, na koya, gidan gado mai ɗaki goma sha huɗu da famfo ɗaya.

Gidan yana da doka, kuma Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ita ke riƙe da ita a ka. Duk wanda zai yi tafiya yana iya sa wa ɗakinsa kwaɗo, amma wa'adin kwaɗon Salla biyu ne. In ƙaramar Salla ta wuce, babba ta bi bayanta, mai ɗaki bai dawo da zama ba, sai Gwaggo ta sa a kawo guduma. A kwashe kayan mutum a kai ɗakin ajiya, a ba wanda aurensa ya fi matsowa. Zuwa hutu a kwana uku ba ya ceton kowa. Wannan Gwaggo tana kiransa baƙunta. Na kuma lura cewa in aure ya ƙarato sosai, Salla biyun kan taƙaita ta koma ɗaya. Nawa ɗakin shi ne na kusa da famfo. A cikinsa aka haife ni, a cikinsa mahaifina ya cika, a cikinsa nake zaune da matata.

Abin ya faro ne daga wata takarda da na cike tun ina sabon malami. Mu 'yan zango, in takarda ta tambayi garin asali, ba ma rubuta Kumasi, ko da a nan aka binne cibiyar kakanka. Kumasi a takarda ta Tonawa ce, wato Asante 'yan ƙasa. Mu sai mu rubuta inda kakan kaka ya yada zango na ƙarshe kafin ya iso. Ni na rubuta Salaga, can arewa, domin ta can namu ya biyo da fataucin goro. Sau ɗaya tak na taɓa zuwa garin, ta'aziyya, na kuma dawo da zazzaɓi.

Bayan ƙaramar Salla ta wata shekara sai ga wasiƙa daga ofishin ilimi. An ba ni shugabancin wata makaranta kusa da Salaga, da gidan hedimasta, an kuma ba ni wata guda in amsa. Ma'aikacin da ya miƙo mini ita har da murmushi, yana cewa sun yi mini gata sun mayar da ni wurin dangina. Na yi godiya. Kafin trotro, motar hayarmu, ya sauke ni na riga na fara tambayar kaina wa zai amfana.

Ban sha wahalar nema ba. Akwai ɗan baffana, tela, wanda aka sa ranar aurensa bayan babbar Salla, kuma a shagonsa na unguwar Asawase yake kwana. Tsakanina da shi a da ɗaga hannu ne daga nesa. Washegarin da labari ya shiga gida sai ga shi da sassafe da koko da ƙosai. Ya zauna a bakin gadona, tef ɗin awo a rataye a wuya, ya shiga yabon arewa: iska mai kyau, doya kamar a kyauta, mutane masu girmama malami. Mutumin da bai taɓa wuce garin Techiman a hanyar arewa ba ke nan. Yana magana yana kallon silin, ni kuma ina kallonsa yana kallon silin.

"Yaya, da ni ne kai, ko sati ba zan ƙara ba," in ji shi. "Hedimasta fa. A nan har ka tsufa 'yan aji ukun nan za su riƙa kiranka Tica a bakin kwata."

Na ce masa ina nazari. Ya ce nazari ai shi ne sana'ata, shi ya sa har yanzu keke nake hawa.

Matata ita ma tana son tafiya, kuma dalilanta masu ƙarfi ne, abin da ya ƙara sa na ƙi yarda da su. Ta gaji da girki a rumfar da mata shida ke rabo, ta gaji da layin banɗaki, ta gaji da jin kowace bokitin gidan tana cika a jikin bangonmu. Duk gaskiya ne. Amma a satin ne ta fito da sabon ɗinki, da na tambaya ta ce ɗan baffana ne ya yi mata, bai karɓi komai ba. Wanda ya karanta yadda ake sayen fadawa ba ya bukatar a yi masa bayanin atamfa.

Masu cewa in zauna ma ban bar su ba. Wani abokin aikina ya ja ni gefe ya ce arewa ba wuta, ba ruwa, kada in kuskura. Na gode masa, na kuma tuna cewa shi ne ke bi mini a jerin masu jiran ƙarin girma.

Sai na je wurin Gwaggo don in auna ta. Na same ta tana gyaran wake a tire. Na yi doguwar gaisuwa, na zagaya ta batun ciwon gwiwarta, sannan na sako maganar kamar ba ta dame ni ba.

"Gwaggo, a ce mutum ya tafi aikin gwamnati, ba yawon duniya ba. Ɗakinsa fa?"

"Ka san yadda ake yi," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ba a kanka zan fara sabon abu ba don ka iya Turanci. Ka tafi mana, ɗan nan. Ubanka ma ya so ya zama wani abu."

Na fito ina jujjuya wannan "ka tafi mana". Gwaggo ba ta taɓa ce wa kowa ya tafi ko'ina ba. Ko kasuwa za ka, sai ta tambayi me ka rasa a gida.

Daga nan na ɗana tarko. Na bari aka ji cewa na yanke shawarar tafiya, na je kasuwar Asawase na sayo kwaɗo mafi girma da na samu, na rataye shi a ƙofa da rana tsaka don in ga fuskoki. Matan gida suka yi ta sa albarka. Ɗan baffana ya zo, ya ɗaga kwaɗon, ya yi dariya ya ce irin wannan da cokali ma ana buɗe shi. Na riƙe wannan kalma. Sannan ya ce zai ɗinka mini kaftani na ban kwana, kada in isa wurin mutane da rigar tica. Ya sa na tsaya a tsakiyar ɗaki na buɗe hannuwa. Yana jan tef daga wannan yatsa zuwa wancan, ni kuwa na gane nan take cewa faɗin hannuwana rabin faɗin ɗakin ne. Duk wanda ya san ɗaya ya san ɗayan. Ya rubuta lambar a tafin hannunsa ya fita yana fito.

Ban gaya wa kowa abin da na gano ba, domin ba a bayyana wa abokin gaba cewa an karanta shirinsa. Ana saura kwana biyu wa'adi ya cika na zauna na rubuta wasiƙa da Turancin da ya fi kowane kyau a rayuwata. Na gode wa ofis, na ce akwai tsohuwa a gida da ba zan iya bari ba. Gwaggo da ta ji ta ce ita ba ta aike ni ba, kuma tana da masu kula da ita guda talatin. Matata ta yi kwana tara ba ta ce mini komai ba sai "ga abinci". Ɗan baffana ya kawo kaftanin duk da haka, ya ce in sa a bikinsa. Na ga ƙoƙarinsa na ɓoye baƙin ciki, har na ɗan tausaya masa. Abokin aikin nan nawa shi aka ba makarantar, ya kuma tafi cikin sati guda, duk da rashin wuta da ruwa.

Babbar Salla ta wuce, aka ɗaura aure. Da la'asar aka fito da motocin kai amarya, na shiga ɗaya sanye da kaftanina, ina son in ga a wane lungu na gidanmu za a cusa yarinyar mutane. Motoci suka wuce ƙofar gidan ba su tsaya ba. Sai wani gidan haya a unguwar Buokrom. Ciki da falo ne, da tayil a ƙasa, da banɗaki a ciki. Mai gidan, wata dattijuwa Batoniya, tana tsaye tana karɓar gaisuwa, na tambaye ta da Tonanci yaushe ango ya kama wurin. Ta ce tun kafin azumi, har fenti shi ya yi da kansa.

Shekara tara ke nan. Ba wanda ya taɓa tambayar ɗakin.